Ra'ayi: Kafin ku tura kuɗin foraji gida, ku tuna da yaran Tibiri

A zauren WhatsApp na ƴan garinmu, babu maganar da ke tara kuɗi da sauri kamar ta haƙa foraji. Da an ce za a yi wa ƙauye rijiyar burtsatse, kafin mako ya zagayo na Libiya ya turo, na Abijan ya turo, na Beljiyam ya ninka na kowa. Ranar da ruwa ya ɓulɓulo sai a ɗauko bidiyo, yara na tsalle, dattawa na sa albarka, mu kuma muna ta jera Masha Allah. Kwanakin baya na jefa tambaya a zauren: wa ya kai ruwan nan awo? Aka yi tsit. Can wani yayanmu ya amsa da murya, ya ce: "Haba ƙanena, ruwa garau kamar na leda, me kuma za a auna a cikinsa?"

Ban ga laifinsa ba, domin da ido da harshe muka saba tantance ruwa. In ba shi da laka, ba ya wari, ba shi da zartsi, to ya yi. Sai dai a jihar Maraɗi muna da garin da ya riga ya biya kuɗin wannan zato da ƙafafun ƴaƴansa, kuma bai kamata a ce ɗan jihar nan ya kai shekarun tura kuɗi gida bai san labarin ba.

Garin shi ne Tibirin Gobir, a gundumar Gidan Rumji, ƴan kilomitoci daga birnin Maraɗi. A shekarar 1985 aka fara ba mutanen garin ruwa daga wata rijiya mai zurfi, wadda daga baya ta kasance a hannun kamfanin ruwa na gwamnati, wato SNE. Wa zai ƙi ruwan famfo? Aka yi ta sha kimanin shekara 15. Yaran da aka haifa a tsakanin nan suka taso haƙoransu a rine, ƙafafunsu a lanƙwashe, wasu kawunansu suka yi girma fiye da ƙima, wasu suka tsumbure. Da aka auna ruwan, sai aka tarar sinadarin fuloraid da ke cikinsa ya ninka sau uku zuwa huɗu iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wato miligiram 1.5 a kowace lita. Ɗaruruwan yara aka tabbatar sun nakasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta ANDDH ta ɗauki maganar har gaban shari'a, kuma a 2002 ƙungiyar FIDH ta ƙasa da ƙasa ta fitar da rahoto na musamman a kan yaran Tibiri.

Waɗannan yara sa'o'ina ne. Ƙananansu yau sun haura shekara 25, manyansu suna wajen 40. Ni da su bambancinmu famfon da aka ɗebo mana ruwan wanka da na kunu.

Duk wanda ya ji labarin yakan tsaya a kan guba: ruwa ya zo da guba, guba ta lalata ƙashi. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin yana cikin wuyan kowannenmu, kuma shi nake so mu fahimta, domin shi ne ke nuna cewa hatsarin bai tsaya a famfo kaɗai ba, ya kai har cikin ƙwaryar da ake dama wa yaro fura.

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai halittar da likitoci ke kira tayiroid, wadda in ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. A bayanta akwai wasu ƴan ƙulli, galibi guda huɗu, kowane bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Sunansu faratayiroid. Tsabar ƙanƙantarsu ta sa suka daɗe suna ɓoye wa masu fiɗa. A jikin karkanda aka fara ganinsu, wadda ta mutu a gidan namun dajin Landan a tsakiyar ƙarni na 19, sai a 1880 wani ɗalibin likitanci a Suwidin mai suna Ivar Sandström ya bayyana su a jikin ɗan'adam. Aikinsu ɗaya ne tak: gadin sinadarin kalsiyam da ke cikin jini.

Babban mutum yana ɗauke da kalsiyam wajen kilo ɗaya, kuma kashi 99 cikin 100 na cikin ƙashi da haƙori. Ɗan abin da ya rage yana yawo a jini da sauran ruwan jiki, amma wannan ɗan kaɗan shi ne ke sa zuciya ta buga daidai, jijiya ta kai saƙo, tsoka ta motsa ta saki, jini ya daskare in an yanke. Wanda ya taɓa karɓar takardar awon jini a asibitocinmu zai ga ana son adadin ya tsaya tsakanin miligiram 85 da 105 a lita, ko kusa da haka. In ya faɗi ƙasa sosai, leɓɓa da yatsu su fara tsirawa kamar ana tsira allura, hannu ya ƙandare, jariri ya kama jijjiga. Shi ya sa jiki ba ya wasa da wannan adadi ko na sa'a guda.

Ƴan ƙullin nan huɗu suna ɗanɗana jini dare da rana. Da sun ji kalsiyam ya yi ƙasa, sai su saki wani sinadarin saƙo, homon ɗin da ake taƙaita sunansa da PTH. Saƙon ba ya daɗewa a jini, cikin ƴan mintoci ya baje, saboda haka ana iya ƙara shi ko rage shi nan take. Wuri uku yake taɓawa. Ya je wa ƙoda ya ce kada ta bar kalsiyam ya zube a fitsari, ta mayar da shi jini, ta zubar da sinadarin fosfet a madadinsa. Ya kuma sa ƙodar ta kunna bitamin D, wanda fatarmu ke haɗawa da hasken rana, shi kuma bitamin ɗin da aka kunna ya sa hanji ya tsotso kalsiyam daga abinci gwargwadon iko. Na uku, ya buɗe ƙashi ya ɗebo. Da jini ya cika, ƴan ƙullin su ji, su rage saƙon, ƙashi ya samu damar mayar da abin da aka ara.

Duk ɗan ƙauye ya san wannan tsari, ko bai taɓa jin sunan PTH ba. Ƙashi rumbu ne, jini kuma tukunyar da dole a ɗora kullum. Maigida ba zai bar yara su kwana da yunwa alhali akwai dami a rumbu ba. Zai ɗebo yau, ya ɗebo gobe, da fatan kaka za ta mayar. In kaka ta yi kyau, babu wanda zai san an taɓa rumbun. In kuwa shekara ta bi shekara ba a mayar ba, hayaƙi na tashi a gidan kullum, maƙwabta na ganin lafiya lau, amma an kai ga cin iri.

Nan ne abin ya fi damuna. Saboda ƙwazon waɗannan ƴan ƙulli, ana iya auna jinin yaron da ƙashinsa ke zaizayewa a tarar kalsiyam ɗinsa daidai yake, ko ya ɗan gaza kaɗan. Takarda ta ce lafiya, uwa ta koma gida da kwanciyar hankali. Jiki ya zaɓi ya ceci bugun zuciyar yau, ya bar ƙafa ta biya bashin bayan shekara biyu. Ba a jin zafin wannan bashi lokacin da ake cinsa. Sai yaro ya fara tafiya, nauyin jiki ya hau kan ƙashin da bai yi ƙwari ba, sannan a ga gwame ko ƙafa ta yi baka, wuyan hannu ya kumbura, haƙarƙari ya yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. A lokacin ne za ka ji ana cewa gadon dangin uba ne, ko an tsayar da shi da wuri, ko iska ce ta taɓa shi.

To ina fuloraid ya shigo? Shi wannan sinadari ƙashi yake nema. In ya shiga, yakan zauna cikin ginin ƙashin, ya kuma ingiza ƙwayoyin da ke gina ƙashi su yi ta aza sabon gini ba kan gado. Sabon gini kuwa kalsiyam yake ci. Idan abincin yaro na da wadatar kalsiyam, ɓarnar na zuwa da sauƙi, har ma wani ɓangare na fuloraid ɗin yakan haɗe da kalsiyam tun a hanji ya fice bai shiga jini ba. Idan kuwa abincin ba shi da shi, jini zai fara gazawa, ƴan ƙullin wuya su buɗe wuta, PTH ya hau ya ƙi sauka. Sai ka samu ƙashi ɗaya ana gina shi ta nan da kayan da ba su da inganci, ana rushe shi ta can don a ciyar da jini. Likitocin Indiya sun bayyana wannan tun shekarun 1970, a yankunan da ruwan rijiya ke da fuloraid: yaran da suka fi lanƙwashewa su ne waɗanda abincinsu ya fi ƙarancin kalsiyam. Wanda ya san abin da ake zuba wa yaro a akushi a ƙasar Gobir ba zai yi mamakin yadda ruwan Tibiri ya yi wa ƙananan yara irin wannan kamu ba.

Mu dubi akushin da kyau, ba tare da jin kunya ba. Daga Agie zuwa Gazawa zuwa Gidan Rumji, hatsi ne ginshiƙi: fura da rana, tuwo da dare, kunu ko koko da safe. Gero abinci ne mai albarka, ya riƙe kakanninmu, yana riƙe da mu. Amma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, kuma a dusarsa akwai wani sinadari mai suna fayitet da ke ƙulle ɗan abin da ke akwai ya hana hanji tsotsa. Muddin yaro na shan mama, yana samun rabonsa. Ranar da aka yaye shi, aka miƙa shi ɗakin kaka da kofin kunu, daga ranar rumbunsa ya fara raguwa, a daidai shekarun da ƙashinsa ke tsawo da gaggawa.

Akwai waɗanda za su ce ai laushin ƙashi ciwon ƙasashen sanyi ne, inda rana ba ta fitowa, mu kuwa rana har ta yi mana yawa. Haka likitoci da dama suka ɗauka, har sai da aka yi wani bincike a maƙwabciyarmu Najeriya. A birnin Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun ɗauki yara 123 masu wannan ciwo suka kasa su uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Bayan mako 24, a cikin waɗanda suka sha kalsiyam, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin, wajen shida cikin goma sun kai matakin warkewar da aka gindaya. A cikin masu bitamin D kaɗai, ko biyu cikin goma ba su cika ba. An buga sakamakon a 1999 a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine. Abin da yaran ke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kacal na kalsiyam a rana. Don a gane ƙanƙantar wannan: matsayar da masana suka cimma a 2016 ita ce yaron da ya wuce shekara ɗaya, in yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana to yana cikin rashi, sai ya haura 500 ake cewa ya wadatu.

Yaran Jos ba su sha ruwan Tibiri ba, rana kuma ba ta gaza musu ba. Ƴan ƙullin wuyansu ne suka yi ta aiki ba hutu. Kun tuna PTH na sa ƙoda ta zubar da fosfet? To shi ma fosfet ɗin ana buƙatarsa a bakin ƙashi, inda yaro ke ƙara tsawo. In aka yi ta zubar da shi wata da watanni, bakin ƙashin ba zai daskare ba. Gaskiyar magana, binciken ya nuna cewa har yaran da ba su kamu ba abincinsu bai fi na masu ciwon kalsiyam ba, wato akwai wasu dalilan da ke sa wani ya faɗa wani ya tsira. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne dukkansu a bakin rami suke tsaye. Ruwa mai fuloraid na cikin abubuwan da ke iya tura yaro ciki.

Yanzu bari in dawo kan foraji, inda na faro.

Fuloraid ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa, kuma rijiyoyi biyu a gari ɗaya na iya bambanta, gwargwadon zurfin da kowace ta kai da irin shimfiɗar da ta huda. Tafasa ruwa ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa kauri tunda ruwan ne ke tashi ya bar shi. Tacewa da ƙyalle ba ta kama shi, ƙwayar tsabtace ruwa ma haka. Duk dabarun da aka koya wa iyayenmu mata don kauce wa gudawa, babu wadda ke taɓa shi. Kallon kitse muke yi wa rogo in muka ce ruwa garau ne saboda haka lafiya ne.

Sannan akwai zafi. Iyakar miligiram 1.5 ta dogara ne da yawan ruwan da mutum ke sha a rana. Wanda ke Gazawa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba zai sha daidai da wanda ke Jeniba ba. Wani bincike da aka yi a Senegal aka buga a 1988 ya nuna cewa wannan iyaka ta yi sama ga ƙasa mai zafi irin tamu. Saboda haka ko takarda ta nuna ruwa na dab da iyakar, bai kamata a tafa a watse ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce: kai ɗan jarida, kana zaune a birni kana shan ruwan leda, za ka tsorata mutane su guji foraji su koma tafki. Allah Ya kiyaye. Ruwan tafki ne ya yi ta sa wa kakanninmu kurkunu, sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi, kuma rijiyoyin zamani na cikin abin da ya kawo wannan nasara. Ba mu manta da kwalarar 2018 da ta fi tsananta a Madarunfa ba. Gudawa na kashe yaro cikin kwana biyu, fuloraid kuwa shekaru yake ɗauka. Mafi yawan rijiyoyin burtsatse alheri ne, kuma wanda ya cire guminsa na ci-rani ya haƙa wa ƙauyensu ya yi abin da ya fi na masu dogon turanci irina. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya iya tara miliyoyin sefa na haƙa da tanki da faranti mai aiki da hasken rana, kuɗin awon kwalba ɗaya ba zai gagare shi ba. Ba ƙarin nauyi ba ne a kan sadakar, cikonta ne.

Abin da nake kira gare shi mai sauƙi ne. Duk ƙungiyar matasa ko ta mazauna ƙetare da za ta ba da kwangilar foraji, ta rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai mai haƙa ya kawo takardar awon ruwa, kuma a duba da ido a ga akwai layin fuloraid a cikinta, domin ana iya auna ƙwayoyin cuta a tsallake sinadarai. A tuntuɓi ofishin ma'aikatar ruwa na jiha, a Yamai kuma akwai ɗakin awo na ƙasa, LANSPEX. A ɗauki hoton takardar a saka a zaure kamar yadda ake saka bidiyon ranar buɗewa. Rijiyoyin da aka riga aka haƙa su ma a bi su. In aka tarar adadin ya yi sama, ba shi ke nan an yi asara ba: ruwan zai yi wanki da wanka da gini, a nemo na sha da na girki daga wata rijiyar, ko a gauraya da mai ƙarancin sinadarin. Akwai kuma hanyoyin cire shi da ba su fi ƙarfin gari ba. A Indiya suna amfani da alif da farar ƙasa, dabarar da ake kira da sunan gundumar Nalgonda. A Nakuru ta ƙasar Kenya kuwa da gawayin ƙashin dabbobi suke tace ruwan, tunda fuloraid ƙashi yake so, sai a ba shi na saniya ya bar na yaro. Mu da ke da mahauta a kowace kasuwa, ƙashi ba zai yi mana wuya ba.

Hukumomi kuma nasu ya fi namu nauyi. Magadan gari da shugabannin gundumomin Agie, Gazawa da Gidan Rumji sun fi kowa sanin yawan rijiyoyin da ƴan siyasa da ƙungiyoyin agaji da masu hali ke haƙawa a yankunansu. Me zai hana a liƙa sakamakon awon kowace rijiya a jikin tankinta, da kwanan wata, yadda kowa zai gani? Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, cike da ɗaliban kimiyya da na likitanci masu neman abin da za su yi bincike a kai. Taswirar fuloraid ta rijiyoyin jihar aiki ne da ya fi ƙarfin a bar shi a aljihun tebur. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kuma shimfiɗar ƙasa ba ta san iyakar gunduma ba.

Akwai ma awon da ba ya cin ko dala. Fuloraid na barin tambarinsa a haƙoran da ke ginuwa, daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas: fari-fari kamar alli da farko, in ya yi yawa ya koma ruwan ƙasa. Malamin firamare da ya ga yara da dama a aji ɗaya da irin wannan haƙori, ya sani ba goro ba ne. Ɗan shekara tara bai ci goron da zai rina masa baki ba. Ya sanar da likitan asibitin yankin, a bi sawun rijiyar da yaran ke sha.

Ɓangaren akushi kuwa, ba zan tsaya ina yi wa talaka wa'azin ya sha madara ba, kamar bai san daɗinta ba. Na san nonon da ake tatsa a gida sau da yawa kasuwa yake tafiya, don da kuɗinsa ake sayen gishiri da sabulu. Na san furar da ake damawa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ruwa ne ya fi yawa a cikinta. Amma ga lissafi: kofi ɗaya na madara ko nono, kwatan lita, yana ɗauke da kalsiyam wajen miligiram 300. Wato kofi ɗaya ya fi duk abin da yaran Jos ke samu a yini. Kai da ke tura kuɗin cefane duk wata, ka taɓa cewa ga jikka kaza ta nonon yaran da aka yaye? Mun iya tura waya da atamfa da kuɗin suna. Akuya mai shayarwa a gidan da ke da ƴan yaye ta fi wayar da za a fasa kafin sallah.

Inda nono ya gagara, akwai abin da ke bayan gida. Busasshen ganyen kuka na cikin ganyayen da suka fi kalsiyam, zogale ma haka, wanda ake nomawa a fadamar Gulbin Maraɗi. Riɗin da ake nomawa a yankin nan ana lodawa zuwa kasuwa yana da shi, musamman wanda ba a cire wa ɓawo ba. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu sun fi duka. Masu binciken Jos sun gwada garin kifi a kan yara masu laushin ƙashi, ƙashin kuwa ya warke. Jiƙa gero da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, na rage sinadarin nan da ke ƙulle kalsiyam. Matsalar ita ce a gidaje da yawa yaro tuwo ake gutsura masa a ɗan shafa a miya, miyar kuwa ta manya ce. A juya lissafin: miya da yawa, tuwo kaɗan.

Mata masu juna biyu su ma maganar ta shafe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba su ƙwayar kalsiyam a wuraren da abinci ke da ƙarancinsa, don rage hatsarin hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga. Mai zuwa awon ciki ta tambayi ungozomar asibiti. Wadda kuma aka yi wa aikin maƙoƙo, in ta ji leɓɓanta da yatsunta na tsirawa ko hannu na ƙandarewa bayan aikin, ta koma asibiti a ranar, domin ƴan ƙullin nan na iya jin rauni lokacin fiɗa.

Kada wani ya karanta wannan ya nufi mai tallar magani a tire ya sayo ƙwayar kalsiyam ya yi ta ɗura wa iyali. Ƴan ƙullin na iya ɓaci ta ɗaya gefen: ɗayansu ya yi tsiro, ya yi ta sakin PTH ba tare da an buƙata ba, kalsiyam ya cika jini, a samu tsakuwar ƙoda, yawan fitsari da ƙishirwa, kasala da ciwon ƙashi. Mai irin wannan in ya ƙara ƙwaya, ya ƙara wa kansa ciwo. Mai ciwon ƙoda ma lissafinsa daban ne. Yaron da ƙafarsa ta fara lanƙwasa asibiti za a kai shi, a yi hoton ƙashi da awon jini, kuma in an tare shi da wuri ƙafar kan miƙe da magani da abinci ba tare da an kai ga fiɗa ba.

Ku kuma ƴan'uwa da ke Turai da Amurka ta Arewa, naku rumbun ta wata ƙofar ake ɗibarsa. Kuna da madara a firiji, amma ba ku da ranar Maraɗi. Baƙar fata na buƙatar rana mai yawa kafin ta haɗa bitamin D, ga sanyi ya sa an rufe jiki, ga aikin dare ko na cikin sito. In bitamin ɗin ya gaza, hanji ba zai tsotsi kalsiyam sosai ba ko an ci, PTH ya hau, a koma kan ƙashi. A Ingila hukumomin lafiya na ba masu baƙar fata shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum, duk shekara. Ciwon baya da na cinya da kake ɗora wa gajiyar aiki, ka sa likita ya duba. Jariran da kuke haifa a can kuma kada a yi wasa da ɗigon bitamin da ake rubuta musu.

Shi yayan namu na zaure, bayan na tura masa labarin Tibiri, bai ce komai ba sai da aka kwana biyu. Sannan ya kira ni, ya ce shi a Tirabulus yake, ba zai iya zuwa ba, amma ƙaninsa zai cika kwalba biyu daga sabon tankin ya ba direban da ke zuwa Maraɗi ranar kasuwa. Ya tambaye ni ko kwalbar lemo za ta yi. Na ce ya nemi sabuwar kwalbar ruwa ta roba, a ɗauraye ta sau uku da ruwan rijiyar, a cika ta har baki, a rubuta sunan ƙauyen da kwanan wata a jikinta.